Yadda ake jinyar shirwa, shaho ko mujiyar da ta ji rauni ba tare da ta mutu a hannunka ba

Shirwar farko da aka taɓa kawo min yaran layinmu ne suka tsinto ta a wajajen kwatar Tudun Wada, sun ɗaure mata ƙafa da igiyar leda, fiffike ɗaya na jan ƙasa, suka ce Kawu ga shirwa mota ta buge ta, kai da kake kiwon kaji ka san yadda za a yi. Tausayinta ya kama ni sosai, bakinta a buɗe tana haki, na ce ƙishirwa ce, na ɗauko cokali na ɗura mata ruwa, na aika aka sayo hanta na yayyanka na tura mata a baki, na saka ta a kejin waya a tsakar gida mutane na ta shigowa kallo har bayan isha'i. Da asuba na tarar da ita a sandare. Da na kai gawar wajen wani likitan dabbobi da muke mutunci dashi ya buɗe ta, ya nuna min karayar da yatsa ya ce Malam wannan karaya ce mai ɗoruwa, ba ita ta kashe ta ba, sannan ya nuna min huhun, ruwan da na ɗura mata yana ciki.

Wallahi na daɗe abin yana damuna. Daga lokacin zuwa yanzu shirwa da shaho da mujiya da dama sun ratsa ta hannuna, wasu sun tashi wasu sun mutu, kuma abin da na lura dashi shine da yawa ba raunin da suka zo dashi ke kashe su ba, abin da muke musu saboda tausayi a ranar farko ne, sai kuma cututtukan da ke kama su a inda muka ajiye su. Shi yasa zan bi abin daki-daki yadda nake yi yanzu.

Mataki na farko: tsaya ka duba kafin ka taɓa

Tsuntsun da ke farauta in har ka iya matsowa kusa dashi bai tashi ba to abin ya yi nisa, domin su ɓoye ciwo suke yi har sai ƙarfi ya ƙare. Ka tsaya daga nesa kaɗan ka kalle shi ka kalli wajen. A bakin titi yake? Ƙarƙashin falwayar wuta? Kusa da bola ko mushe? Akwai wasu tsuntsayen ko kaji matattu a gefe? Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta fi muhimmanci, kuma mu mutanen Kaduna bai kamata a tuna mana ba, tunda murar tsuntsaye mai suna H5N1 a nan jihar aka fara tabbatar da ita a duk Afirka, a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji cikin ƙaramar hukumar Igabi, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mata a Legas. Shirwa da ungulu suna cin matattun kajin da ake zubarwa a bola, ta nan suke ɗauka. In kaga tsuntsu babu rauni a jikinsa amma yana murɗe wuya, yana juyi a waje ɗaya, ko fuska ta kumbura, ko kuma an yi mutuwar kaji a unguwar cikin kwanakin, don Allah kar ka kai shi gida, ka kori yara daga wajen ka kira ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, su suka san yadda ake ɗaukar samfur a tura Vom can jihar Filato inda ake gwajin.

Ko babu alamar mura ka sa takunkumi da safar hannu, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, domin kashinsu na ɗauke da ƙwayoyin da ke sa mutum gudawa da zazzaɓi. In kana da kaji ko tattabaru a gida to takalmin da ka shiga wajen majinyacin dashi kar ya taka akurki.

Mataki na biyu: kamu

Ka nemi tawul mai kauri ko tsohon bargo, ka zo a hankali ka lulluɓe shi gaba ɗaya har kai, da zarar ido ya rufe zaka ji ya lafa. Ta saman bargon ka haɗe fukafukan da jikinsa yadda suke in yana tsaye, ɗaya hannun ka kama ƙafafun biyu ta sama da farata, yatsanka ɗaya a tsakaninsu. Shirwa da shaho da mujiya da gaggafa makaminsu a ƙafa yake, sukan kwanta rigingine su miƙo farata, kuma in suka damƙe ba sa saki, in hakan ta faru kar ka fizge hannu, ka sa wani ya miƙar da ƙafar a buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ka wanke ciwon sosai ka je a maka allurar tetanus in ka daɗe baka yi ba. Ita ungulu ƙafarta ba ƙarfi, bakinta ne abin tsoro, kuma tana amai in ta firgita, ka riƙe kanta ya kalli ƙasa kar aman ya koma mata hanyar numfashi.

Abu ɗaya da mutane basu sani ba, tsuntsu ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki irin namu, da motsin ƙashin ƙirji yake jan numfashi, in ka rungume shi ka matse ƙirjin zai shaƙe a hannunka baka ma sani ba. Kar kuma a bi shi da gudu ana zagaye fili, guje-gujen da firgici suna lalata musu tsoka, zaka ga ka kama shi lafiya lau bayan kwana biyu ko uku ya kasa tsayuwa ya mutu. Ɗaukarsa ta fiffike ko rataye shi ta ƙafa irin na kazar kasuwa shima babu.

Mataki na uku: kwali, duhu, shiru

Kwali ya fi keji nesa ba kusa ba. Ka samo kwalin da zai iya tsayuwa a ciki amma ba zai iya buɗe fiffike ya yi ta bugawa ba, ka huda ƙananan ramuka ta ƙasa-ƙasa a gefe kafin ka saka shi, ka shimfiɗa tsohon tawul wanda zarensa bai warware ba. Ciyawa ko harawa ko garin katako kar su shiga, zan faɗi dalili a gaba. In ba ya iya tsayuwa ka naɗe tsumma kamar gammo ka ɗora ƙirjinsa a kai, kai ya ɗan fi jiki tudu. Ka rufe ka kai ɗakin da ba kowa, ba rediyo, ba mage, ba hayaƙin girki ko na janareto ko maganin sauro, huhunsu ba ya ɗaukar hayaƙi ko kaɗan.

Zafin jikin tsuntsu mai lafiya yana kai digiri 40 zuwa 41, wanda ya ji rauni kuma jikinsa saurin yin sanyi yake, musamman cikin hunturu irin na Disamba da Janairu ko in ruwan sama ya jiƙa shi. Ka cika gora da ruwan ɗumi ka naɗe ta da tsumma ka ajiye a gefe ɗaya na kwalin yadda in zafi ya ishe shi zai matsa. Amma in cikin bazara ne, Maris da Afrilu, ba ruwansa da ƙarin ɗumi, inuwa da iska yake so, kar a bar shi a but ɗin mota ko ɗakin kwano da rana tsaka. Wanda ya bugu a kai shima kar a ɗumama shi da yawa.

Sai ka ƙyale shi awa ɗaya zuwa biyu. Na san da wuya, kowa a gidan so yake ya leƙa, maƙwabta su zo da waya suna hoto, to ka zama mai faɗa a ranar. A wajensa duk fuskar da ta leƙo mai shirin cinye shi ce, kuma firgici kaɗai yana kashewa.

Mataki na huɗu: kar ka ɗura ruwa, kar ka ba da nama

Nan ne na kashe tawa shirwar, shi yasa zan daɗe a kai. In ka buɗe bakin tsuntsu zaka ga wani ɗan rami a gindin harshe yana buɗewa yana rufewa, wannan shine ƙofar numfashi, a fili take, hanyar abinci tana can bayanta. Ruwan cokali ko sirinjin da ka matsa a baki wannan ramin yake fara tararwa, ko dai ya shaƙe nan take ko huhu ya ruɓe bayan kwana biyu. Hakin da kaga yana yi yawanci tsoro ne da zafin ciwo. Manja da madara da muke ɗura wa dabba in ana zargin guba su sun fi ruwa illa ma, manja in ya shiga huhu ba fita, kuma ba ya kashe kowace guba.

Gaskiya ne kusan duk wanda aka tsinto ruwan jikinsa ya ragu, amma ruwan da yake buƙata kaɗan ne, abin da likitoci ke lissafawa wajen mililita 50 ne a kowane kilo na nauyinsa a rana, shirwa kuwa yawanci bata cika kilo ɗaya ba, mujiyar silin ko rabin kilo bata kai. Su likitoci ta ƙarƙashin fata suke sa ruwan ko su zura siririn roba ya wuce ƙofar numfashin. In dare ya yi ba halin ganin likita, kuma tsuntsun na iya ɗaga kai da kansa, ka haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS mai ɗumi-ɗumi, ka tsoma yatsa ko auduga ka ɗiga a gefen baki ɗigo ɗaya, ka jira kaga ya haɗiye, sannan wani ɗigon. In bai haɗiye ba ka tsaya.

Abinci kuma sai ka shafa ƙirjinsa tukuna. Akwai ƙashi a tsakiyar ƙirji a tsaye, mai lafiya tsoka ta cika gefe da gefe, wanda yunwa ta cinye zaka ji ƙashin da kaifi kamar bayan wuƙa. Irin wannan shine zuciya zata ce maka cika masa ciki, kuma shine cikon cikin zai kashe, saboda hanjinsa ya tsaya da aiki, ba shi da ƙarfin narkarwa, naman sai ya zauna a jakar wuyan nan da abinci ke fara taruwa ya ruɓe, bakin ya fara ɗoyi, guba ta bi jini, kafin kwana ɗaya shikenan. Ko da ya narke ma, abinci mai yawa lokaci ɗaya bayan doguwar yunwa yana birkita gishirin jini har zuciya ta tsaya. Ranar farko ruwa ne kawai da ɗumi. Rana ta biyu in ya fara kashi, 'yan ƙananan yanka na tsokar kaza ɗanya ba ƙashi ba gashi ba kitse, a tsoma a ruwa, kamar yanka uku ko huɗu, a jira jakar wuyan ta saki sannan a ƙara, a dinga ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin kwana huɗu zuwa biyar. Ita mujiya bata da wannan jakar, sai ka lura da kashinta da ko tana amayo abin da ka bata.

Mataki na biyar: gano abin da ya same shi

Bayan ya huta, mutum biyu, ɗaya ya riƙe da kai a rufe ɗaya ya duba, kar ya wuce minti biyar. Fiffiken da ya fi ɗan'uwansa saukowa karaya ce ko gocewa. In ƙashi ya huda fata ya fito abin ya yi muni, domin wasu ƙasusuwan fiffike holoƙo ne kuma a haɗe suke da jakunkunan iskar da ke cikin jikinsa, datti in ya shiga ta nan har hanyar numfashi yake kaiwa. Ka wanke da ruwan gishiri mai tsabta, ka rufe da bandeji mai laima, kar ka tura ƙashin ciki. Ciwon fata kuma aidin da aka sirka da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri ya isa. Baƙin mai, toka, man shanu, man zafi, sipirit, Izal, duk kar su taɓa shi, maiƙo yana lalata gashi, gashin da ya lalace kuma ba ya riƙe ɗumi ba ya tashi.

Wanda wayar wuta ta ja yana da ruɗi, ranar farko ba abin da zaka gani sai ɗan ƙaurin gashi da ɗan tabo a ƙafa ko ƙarshen fiffike, bayan kwana uku zuwa mako sai wajen ya yi sanyi ya yi baƙi ya bushe, da yawansu ba sa tashi. Mujiyar da mota ta buge ko aka jefa da dutse ko danƙo a duba idonta, jini kan taru a can ciki inda ba a gani sai da fitilar likita. Na sha faɗa wa mutane, tsuntsuwar nan da ake jifa ana cewa mayya ce ɓerayen gidanka take cinye maka duk dare, hucin da ake ji a silin 'ya'yanta ne ke neman abinci.

Ɓeran ne ma ke jawo mata wata masifar. Maganin ɓera irin wanda ba ya kashewa nan take jini yake hanawa daskarewa, ɓeran da ya ci yana tafiya a hankali, mujiya ko shirwa ta ɗauke shi cikin sauƙi, bayan kwanaki sai kaga cikin bakinta ya yi fari fat, ƙaramin ciwo yana ta zubar jini ba tsayawa, fata ta yi shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin gashi. Maganinsa bitamin K ne na makonni a hannun likita. Wanda ya ci gubar ƙwari irin su ota-fiya-fiya da magungunan feshin gona da ake barbaɗawa a mushe don kashe karnuka, shi zaka ga yawu na dalala, jiki na rawa, yatsu a dunƙule, wannan awa ɗaya ma tana da yawa, akwai allurar da ke karya gubar in an kai da wuri. Sai dalma, wadda ke shiga in tsuntsu ya ci naman da aka harba da bindiga ya haɗiye ɓarɓashin harsashi, kashi ya koma kore, ƙafa ta mutu, kai ya dinga faɗuwa.

In a gam ɗin ɓera ka same shi kar ka ɓamɓaro, fata da gashi za su biyo. Ka barbaɗa garin masara a sauran gam ɗin kar ya ƙara mannewa, ka shafa man gyaɗa kaɗan daidai inda ya manne kana janyewa a hankali, washegari in ya dawo hayyacinsa a wanke man da sabulun wanke kwanoni da ruwan ɗumi a busar dashi sosai. Kalanzir da fetur kashe shi za su yi.

Mataki na shida: likita, cikin kwana ɗaya ko biyu

Ƙashin tsuntsu saurin haɗewa yake, cikin mako uku ya kama, to in ka tsaya jira kwana bakwai ya riga ya fara haɗewa a karkace, kuma fiffiken da ya karkace kaɗan ya isa hana shaho farauta har abada. Ɗorin kara irin na akuya ba ya yi a fiffike. Ɗaurin bandeji ma in ya daɗe ba a kwance ana motsa gaɓar ba sai ta sandare. Ka fara da asibitin dabbobi mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya inda za a iya ɗaukar hoton ƙashi. Masana tsuntsaye kuma akwai cibiyar APLORI a Jos, ƙungiyar kare muhalli da namun daji ta Najeriya, wato NCF, ma ta daɗe tana aiki kan ceton ungulu.

Kar ka ba shi maganin mutane daga kemis, ina roƙonka. Diklofenak da muke sha don ciwon jiki shine ya ƙarar da sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'in ungulu a Indiya da maƙwabtanta, ta hanyar mushen shanun da aka yi wa allurarsa, ƙoda yake kashe musu, har gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi shi a 2006. Maganin zafin ciwon da aka gwada aka ga bai cutar da su shine meloksikam, shima likita ne zai auna da nauyin tsuntsun. Allurar jentamaisin da masu kaji suka saba da ita tana taɓa ƙoda in jiki ba ruwa, deksametason kuma yana karya garkuwar jiki ya buɗe wa cutar da zan faɗa yanzu ƙofa.

Mataki na bakwai: makonnin jinya, inda ake asarar waɗanda aka ɗauka sun tsira

Akwai wani shaho da na yi jinya, an ɗaure fiffike ya kama, yana ci da kansa, har na fara lissafin ranar saki. Damina ce, wajen watan Agusta, na ajiye shi a wani sito da nake tara buhunan dusa da garin katakon kaji, taga ɗaya ce kuma a rufe. A mako na uku na ji kukansa ya canza ya dishe, cinsa ya ragu, in ya numfasa jelarsa na ɗagawa tana sauka, kwana huɗu bayan nan ya mutu. Da aka buɗe shi jakunkunan iskarsa sun yi funfuna kore-kore da fari kamar burodin da ya kwana biyar a leda. Likitoci na kiranta asfajilosis, ƙurar funfuna ce da ke cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da dusa da garin katako mai laima, mai lafiya yana shaƙa ba abin da zai same shi, amma wanda ciwo da zaman kurkuku suka raunana sai ta tsiro masa a ciki. Tana cikin manyan masu kashe irin tsuntsayen nan a wajen jinya ko'ina a duniya, kuma lokacin da alama ta fito yawanci an makara, maganin ma ga tsada ga daɗewa. Abin yi shine waje busasshe mai shan iska, shimfiɗar jarida ko tawul da ake canzawa kullum, ragowar nama kar ya kwana.

Sai abinci. Tsoka zalla ko hanta zalla daga wajen mahauci ba abincinsu bane na dogon lokaci, a daji ɓera suke haɗiyewa da ƙashinsa da gashinsa da kayan cikinsa, daga ƙashin suke samun kalshiyam. Ɗan tsuntsun da aka raina da tsoka kaɗai cikin 'yan makonni ƙafafunsa za su lanƙwashe, ƙashi ya dinga karyewa da kansa, ya fara farfaɗiya. Da zarar ciki ya daidaita a koma ba shi abu sukutum, 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya daga wajen da ka yarda da lafiyarsu, salwa, ɓeran da ka tabbatar tarko ne ya kama shi a gidan da ba a sa guba, fara in lokacinta ne kuma ba daga gonar da aka yi feshi ba. Zaka ga yana amayo wani dunƙulen gashi da ƙashi, wannan lafiya ce. Dafaffen nama, mai gishiri, kilishi, tuwo, burodi, ba nasu bane.

Tattabara kuma a kiyaye ta, duk da ita ta fi sauƙin samu a Kaduna. Da yawansu suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a maƙogwaro ko da ka gansu garau, shaho ko mujiya in sun ci sai wani abu rawaya-rawaya kamar awara ya fito musu a baki da maƙogwaro har ya toshe hanyar abinci, tsuntsu ya dinga yarfa nama yana ramewa. Ka dinga buɗe bakin kana dubawa duk bayan kwana biyu, in ka gani kar ka ɓanɓare zai yi jini, Flagyl na maganinta in an kama da wuri amma likita zai faɗi adadi. Akwai kuma wata cutar hanta da shaho ke ɗauka daga tattabara wadda bata da magani sam.

Ƙafa ma tana kashewa, mutane na mamaki in na faɗa. Tsuntsun da ya yi makonni a tsaye kan siminti ko waya ko sanda mai santsi, ko wanda ƙafa ɗaya ta karye ya ɗora duk nauyi a ɗayar, tafin ƙafar zai fara ja, ya yi baƙin tabo, ya kumbura ya tara mugunya mai tauri har ta ci ƙashi. Ka sa masa reshen itace mai ɓawo, kauri daban-daban, ko ka naɗe sandar da igiya ko tsohon kafet, ka dinga juya ƙafar kana duba tafin duk mako. Kejin waya kuma yana karya gashin jela da na fiffike ya fasa saman baki, gara ɗaki ko rumfar da aka kewaye da katako a tsaye ko buhu. Ka sa gidan sauro ko raga a tagar, domin ƙuda in ya samu ciwo ko gindin da kashi ya ɓata zai yi ƙwai, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito ta shiga cin nama, sauro shima yana sa musu nasu cututtukan. In da hali ka dinga auna shi a ƙaramin sikeli duk safiya kana rubutawa, raguwar nauyi ita ke fara nuna akwai matsala kafin ido ya gani.

In ɗan tsako ne aka ciro daga silin ko ya faɗo daga sheƙa kuma ba rauni, mayar dashi inda iyayen suke ya fi komai, ba sa ƙin ɗansu don mutum ya taɓa. Wanda ya tashi yana ganin fuskar mutum na ba shi abinci zai ɗauka shi ma mutum ne, in aka sake shi wajen mutane zai nufa, ka san kuma abin da zai tarar.

Za a zo a ce ka sayar, musamman in ungulu ce ko mujiya, har da kuɗi mai tsoka. Kar ka yarda. Ungulun da muka taso muna gani a kwata da kan rufin kasuwa tun 2015 aka saka ta a jerin masu gab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta na cikin abin da ya jawo, an kuma kafa dokar tarayya tun 1985, aka yi mata gyara a 2016, kan kamawa da cinikin irin waɗannan namun dajin.

Wani lokacin likita zai ce maka wannan ba zai ƙara tashi ba, gaɓa ta ruguje, ko ido biyu sun tafi, ko baya ya karye. Ka saurare shi, hutar dashi ta hanyar allura ya fi a bar shi shekaru a ɗaure yana ruɓewa ta ƙafa. In kuma ya mutu da kansa ka sa gawar a leda biyu ka kai a buɗe a ranar, a cikin kula mai ƙanƙara amma kar gawar ta daskare, ta haka zaka san me ya faru. Bayan nan a binne da zurfi ko a ƙone, kar a jefa bola wata shirwar ko kare su ci, kwalin da tsummokaran a ƙone su, ɗakin a wanke da bilic.

Mataki na takwas: saki

Warkewar ciwo daban, iya rayuwa a waje daban. Bayan makonni a ɗaki tsokar ƙirji ta saki, sai ya samu waje mai tsawo da zai dinga tashi daga wannan sanda zuwa waccan na kwanaki. Ka lura, yana tashi sama daga ƙasa ko gefe kawai yake iyawa, fukafukan biyu daidai suke buɗewa, yana sauka daram kan sanda, yana haki bayan tashi biyu ko uku, ƙafa biyu na damƙa, ido biyu na gani, gashin jela da na fiffike sun cika. In ɗaya daga ciki bai yi ba a ƙara masa lokaci.

A mayar dashi kusa da inda aka tsince shi in wajen ba haɗari, nesa da titi da wayar wuta da taron yara, ranar da ba hadari ba iska mai ƙarfi. Shirwa da shaho da safe, mujiya bayan magariba, in ka sake ta da rana hankaki da sauran tsuntsaye za su taru a kanta. Kar a cilla shi sama. Ka ajiye kwalin a ƙasa ko kan ɗan tudu, bakin ya kalli fili da bishiyoyi, ka buɗe ka ja baya sosai ka yi shiru, wani nan take zai fita wani sai ya yi minti ashirin yana kalle-kalle. In ya fito ya yi tsalle biyu ya kasa ɗagawa, ka lulluɓe shi da tawul ɗinka ka mayar gida, a sake gwadawa bayan mako ɗaya ko biyu.